Yadda Ake Zaɓar Ƙananan Simbal Masu Amon Ƙararrawa da Labulen Sanduna Don Saitin Ganga

Idan aka bugi simbal na kirash, wato babban faifan ƙarfen saitin ganga da ake doka don ƙara mai fashewa, sautuka masu yawa ne suke tashi lokaci guda su cakuɗe, shi ya sa yake shiga kowace waƙa ba tare da ya yi karo da jita ko piyano ba. Ƙaramin simbal mai amon ƙararrawa ba haka yake ba. Murya ɗaya yake fitarwa, tsayayya, wadda kunne zai kama har mutum ya iya rera ta da baki, kuma takan daɗe tana ringi bayan an ɗauke sanda. Wannan ne daɗinsa, kuma nan ne matsalarsa take. Idan muryar ta saɓa wa waƙar, ko amon ya yi tsawo ya shiga gaɓar da ba tasa ba, duk wanda ke wurin zai ji. Don haka abu biyu ake fara dubawa kafin sunan kamfani da ƙyallin ƙarfe: wace murya yake bayarwa, kuma daƙiƙa nawa yake yi kafin ya yi shiru.

Tantance aikin da kake so ya yi

Kafin ka taɓa kowane ƙarfe, ka zauna ka saurari waƙoƙin da kake kaɗawa, ka nuna wuraren da kake jin akwai gurbin ƙararrawa. Yawanci ɗaya ne daga cikin uku. Ko dai bugu ɗaya tak kake so a wurin da kiɗa ya tsaya, amon ya cika shirun. Ko kana so ka riƙa jera bugu a kai a kai kamar yadda ake yi a tozon tsakiyar raid, wato babban simbal ɗin da ake riƙe tafiyar kiɗa a kansa. Ko kuma ado kake nema, sauti mai yayyafi da zai raka shigowar baiti ko ƙarshen waƙa mai sanyi. Na farko yana son ƙarfe mai kauri da dogon amo. Na biyu yana son mai kaifin bugu da gajeren amo, domin idan amon ya yi tsawo bugun baya zai hau kan na gaba, kunne ya kasa rarrabe su. Na uku ba aikin simbal ba ne, aikin labulen sanduna ne, wato caim, kuma zancensa na nan tafe a ƙasa.

Akwai ɗan lissafi da ke taimakawa. Waƙar da ke tafiya da bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, gaɓa mai bugu huɗu kuwa daƙiƙa 2 ce. Ƙararrawar da ke ringi na daƙiƙa 8 za ta ratsa gaɓa huɗu ke nan. Idan mai jita ya canza murya sau biyu ko uku a cikin waɗannan gaɓoɓi, ƙararrawarka tana nan a kan muryarta ta farko, kuma da wuya ta dace da dukansu. A waƙa mai sanyi da muryoyinta ba sa yawan canzawa, wannan tsawon amo shi ne abin so. A waƙa mai gudu kuwa sai dai ka riƙa kama ta da hannu, ko ka nemi wadda ba ta da dogon numfashi tun farko.

Ire-iren da za ka tarar

Mafi shahara su ne ƙararrawa masu kauri da suka yi kama da tozon simbal da aka yanko aka bar masa ɗan baki. Kamfanin Zildjian na yin Zil-Bel mai inci 6 da mai inci 9 da rabi, wato kusan santimita 15 da santimita 24. LP na da Ice Bell mai inci 7 da mai inci 9. Meinl na da ƙararrawa masu inci 8 a jerin Classics. Duk waɗannan ƙara gare su, suna ratsa kiɗa mai nauyi ba wahala, kuma amonsu dogo ne. Wanda ke kaɗawa a bayan jita mai lantarki da manyan sifiku, nan ya kamata ya fara duba.

Sai masu siffar ƙoƙo, waɗanda ba su kai na farko kauri ba. Paiste na yin Cup Chime a jerin 2002, girma bakwai daga inci 5 zuwa inci 8, kowanne ya fi na bayansa da rabin inci. Sabian na da AA Max Bell Chime, inci 6 da 6 da rabi da 7, wanda aka yi tare da makaɗi Mike Portnoy. Waɗannan an yi su ne don a jera biyu ko uku ko fiye, a riƙa sauka da hawa a kansu kamar ƙaramar waƙa. Ɗaya shi kaɗai yakan ji kamar bai cika ba.

Akwai na alminiyom, irin Alu Bell na Sabian da Pure Bell na Paiste a jerin PST X. Ba su da nauyi a hannu, muryarsu tatacciya ce sosai, kusan babu wani sauti da ke biye da ita, kuma amonsu kan ba mutum mamaki da tsawonsa. Illarsu laushin ƙarfen: sanda mai nauyi tana barin tabo a jikinsu.

Na ƙarshe su ne kurotal, ƙananan fayafayan tagulla masu kauri, faɗinsu kusan santimita 10, kowane an saita shi a kan takamaimiyar murya kamar maɓallin piyano. Cikakken jeri yakan kai okteb biyu (okteb ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin wata nota da mai sunanta ta gaba a sama), amma ana sayar da su ɗai-ɗai. Neil Peart na ƙungiyar Rush yana cikin waɗanda suka shigo da su saitin ganga a kiɗan rok. Idan za ka saya, ka tambaya ko an saita su a kan A 440 ne ko A 442, wato yawan karkarwar notar A a daƙiƙa ɗaya, domin duka biyun ana yi, kuma idan mai kibod ɗinku yana kan 440 kai kana kan 442 za a ji wani ɗan rawar murya duk lokacin da kuka haɗu a nota ɗaya. Kurotal ba a buga shi da sandar ganga ta katako idan ana son ainihin muryarsa, da ƙaramin mabugi mai kan roba mai tauri ko kan tagulla ake taɓa shi.

Kauri, faɗi da irin ƙarfe

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙarfe mai kauri murya ƙasa yake bayarwa. Akasin haka ne. Idan faɗi ɗaya ne, wanda ya fi kauri shi ya fi murya sama, domin ya fi tauri, yana karkarwa da sauri. A faifai shimfiɗaɗɗe, ninka kauri sau biyu yana ɗaga murya da okteb ɗaya, ninka faɗi sau biyu kuwa yana saukar da ita da okteb biyu. Ƙararrawa mai tozo ba ta bin wannan lissafi daidai wa daida saboda lanƙwasarta, amma alkiblar ɗaya ce: faɗi ya fi kauri tasiri. Shi ya sa bambancin rabin inci tsakanin ƙoƙo biyu yake isa a ji muryoyi biyu daban, kuma shi ya sa mai inci 7 mai kauri sosai zai iya fin mai inci 6 siriri murya sama. Kada ka yanke hukunci da girman da aka rubuta a jiki kawai.

Kauri kuma shi ne ke riƙe amo. Ƙarfe mai nauyi yana ɗaukar ƙarfin bugu ya riƙa sakinsa a hankali, siriri kuwa nan da nan yake zubar da shi, kuma yana haɗawa da ɗan shuu irin na sifilash, wato ƙaramin simbal siriri mai saurin mutuwar amo. Idan ka bugi gefen abu ka ji shuu ya fi ting yawa, wannan ya fi kusa da sifilash, ba zai yi maka aikin ƙararrawa ba.

Game da ƙarfe, huɗu ne za ka fi gani. Tagullar B20 kashi 80 jan ƙarfe ce da kashi 20 kuza, muryarta na da faɗi, akwai ƙananan sautuka da ke rakiyar babbar muryar, shi ya sa take saje da manyan simbal masu tsada waɗanda galibi da ita aka yi su. Tagullar B8 kashi 92 jan ƙarfe ce da kashi 8 kuza, ta fi haske da tsayawa a murya ɗaya. A manyan simbal wasu na raina B8, amma a ƙararrawa wannan raini ba shi da tushe, domin tsayawa a murya ɗaya shi ne abin da ake nema, kuma jerin 2002 na Paiste da aka fito da shi a 1971 da wannan haɗin ake yin sa. Sai haɗin jan ƙarfe da tutiya da ake rubuta wa MS63, kashi 63 da kashi 37, wanda ya fi araha. A kirash ba ya daɗi, a ƙararrawa mai kauri kuwa yakan yi abin kai, sai dai amonsa ya fi saurin mutuwa. Wanda ke neman gajeren amo don jera bugu, wannan rashin ma riba ce a gare shi. Na huɗu alminiyom ne, an riga an faɗi halinsa.

Yadda ake gwadawa

Ka tafi da sandarka, wadda kake kaɗawa da ita kullum. Sanda mai kan nailan tana fito da kaifi, mai kan katako tana tausasa shi, kuma siririyar sanda mai lamba 7A ba za ta buɗe muryar ƙararrawa mai kauri kamar yadda mai kauri, 5B ko 2B, za ta yi ba. Idan da hali ka tafi da raid ɗinka ma, ko aƙalla ka naɗi sautin tozonsa a waya. Dalili kuwa, tozon raid shi ne ƙararrawar da kake da ita tun asali. Idan sabuwar ta zo da murya kusan ɗaya da shi, ka sayi abin da kake da shi ne. Idan kuma ta kusa amma ba ta kai ba, za su riƙa gogar juna, ka ji wani wau-wau mara daɗi duk lokacin da amonsu ya haɗu. Nemi wadda ta yi nisa da shi a fili, yawanci sama.

Da farko ka rataye ta a ɗan yatsa ta ramin tsakiya, ko a igiya siririya, ka buga gefe da kan sanda a hankali. Wannan shi ne amonta tsantsa, babu abin da ya danne shi. Ka ƙirga daƙiƙa har ta yi shiru. Sannan ka saurari yadda take mutuwa: ta kirki tana raguwa sumul a kan murya ɗaya, mai matsala kuwa takan yi rawa sosai, ko ta canza murya a tsakiya, ko ta yi zizar ƙarfe. Ɗan rawa kaɗan ba laifi, wasu ma shi suke so. Ziza kuwa alamar tsagewa ce, ka ajiye ta.

Bayan nan ka ɗaura ta a mariƙi kamar yadda za ka yi a saitinka, ka sake ƙirgawa. Za ka ga amon ya ragu, kuma wannan na biyun shi ne wanda za ka zauna da shi. Ka buga wuri uku: saman tozo da kan sanda, gefen tozo da kafaɗar sanda, da baki. Ka buga a hankali sosai, sannan da ƙarfi. Wasu masu kaurin ba sa magana sai an doke su, waɗannan ba za su yi maka amfani a ƙaramin ɗaki ko waƙa mai sanyi ba. Ka jera bugu takwas da sauri ka ji ko kowane yana fita daban.

Sai ka buɗe manhajar saita jita a wayarka, ka buga, ka ga notar da ta nuna. Allurar za ta iya yin yawo saboda ƙananan sautukan da ke biye, ka jira daƙiƙa ɗaya bayan bugu, a lokacin ne babbar muryar take fitowa. Rubuta notar. Idan yawancin waƙoƙinku a kan murya biyu ko uku suke, ka duba ko ta zauna a cikinsu. Ƙararrawar da ke tsakanin nota biyu, ba nan ba ba can ba, wani lokaci ta fi sauƙin sha'ani idan amonta gajere ne, domin kunne yana ɗaukar ta a matsayin ƙarar ƙarfe kawai. Mai dogon amo kuwa ba ta da wurin ɓuya.

Abu na ƙarshe, ka sa wani ya buga, kai ka koma nesa kamar mita 5 zuwa 10. Daga kujerar makaɗi ƙararrawa takan ji daidai, amma sauti mai murya sama yana tafiya kai tsaye, a nesa sai ka tarar ya rufe komai. Kuma ka sa abin toshe kunne idan gwajin zai daɗe. Ƙararrawa mai kauri tana zama kusa da kai fiye da sauran simbal, kuma irin wannan kaifin ne ke saurin gajiyar da kunne.

Idan za ka haɗa biyu ko uku

Shawara mafi amfani ita ce a fara da ɗaya, a yi makonni ana kiɗa da ita, sannan a san wace murya ce ta rage. Idan dai jeri kake so, ka gwada su tare, kada ka saya ɗai-ɗai daga wurare daban kana fatan su dace. Girma biyu da ke maƙwabtaka, kamar inci 6 da 6 da rabi, muryarsu kan yi kusa, suna daɗi idan an bi su ɗaya bayan ɗaya da sauri, amma idan amonsu ya haɗu sukan yi karo. Tsallake girma ɗaya, kamar 5 da 6 da 7, ya fi ba da tazara mai faɗi da ake ji a fili. Ka buga su biyu lokaci guda ka bar su su mutu tare. Idan haɗin ya yi daɗi a haka, zai yi daɗi ta kowace hanya. Ka jera su yadda tom ɗinka, wato gangunan da ke jere daga ƙarami zuwa babba a saitin, suke, mai murya sama a ɓangaren da ƙaramin tom yake, don hannu kada ya ruɗe.

Ɗaurawa, inda aka fi yin kuskure

Ƙararrawa mai kyau da aka ɗaura ba daidai ba, da ƙarfen banza duk ɗaya. Ramin tsakiyar simbal na zamani kusan rabin inci ne, milimita 12 zuwa 13. Sandar da ke saman mariƙi kuwa yawanci milimita 8 ce, a tsofaffi da wasu masu araha milimita 6. Ka san taka kafin ka sayi ƙarin sandar da ake ɗaurawa a kai don ɗora simbal a saman simbal, domin mai zaren 8 ba ta hawa kan 6.

Tsarin daga ƙasa zuwa sama shi ne: ɗan zoben ƙarfe ko na roba da ake kira wasa, matashin ulu, rigar roba da ke rufe zaren sandar, ƙararrawar, wani matashin, sannan noti mai fukafuki. Rigar robar nan kada a bar ta. Idan babu ita, ƙarfe yana cin ƙarfe, ramin ya zama mai tsawo kamar ramin makulli, daga nan tsagewa take farawa, ga kuma ƙarar kaca-kaca a kowane bugu. Ka riƙa duba ta, tana cinyewa ba a sani ba.

Matashin da ake sa wa manyan simbal ya yi wa ƙararrawa faɗi. A simbal mai inci 18 ɗan wurin da ya rufe ba komai ba ne, a mai inci 6 kuwa ya kwanta a kan rabin tozon, wato ainihin inda muryar take. Nemi ƙananan matasai, ko ka rage na da da almakashi har ya zama ɗan zobe da ya ɗan wuce ramin kaɗan. Notin kuma ka ɗaure shi har ya taɓa matashi, sannan ka mayar da shi baya kamar rabin juyi, yadda ƙararrawar za ta iya ɗan motsi idan ka taɓa ta. Wannan noti shi ne makunnin amonka: ƙara matsewa yana gajarta shi, sassautawa yana tsawaita shi. Idan ka sayi mai dogon amo, kana iya rage shi ta haka ko da ɗan guntun tef a ciki. Mai gajeren amo kuwa babu dabarar da za ta tsawaita shi, don haka idan kana kokwanto tsakanin biyu, ɗauki mai tsawon.

Wurin zama iri uku ne. Mafi sauƙi a juya ta, baki sama, a saman kirash ko raid, da matashi a tsakaninsu. Ba ya cin wuri, amma yana rufe tozon simbal ɗin ƙasa, kuma nauyin ƙararrawa mai kauri yana danne kirash siriri ya rage masa numfashi. Ƙarin sanda mai tsawon inci 4 zuwa 6 tana magance wannan, tana ɗaga ƙararrawar ta bar na ƙasa ya yi lilonsa. Hanya ta uku ita ce hannu na daban da ake kamawa da kilam, wato ƙarfe mai matsewa, a jikin wani mariƙi, ita ta fi ba da 'yancin sa ta inda ake so. Masu jerin ƙoƙo kuma akwai mariƙi mai hannuwa biyar ko bakwai da Paiste ke yi musamman don su.

Kowace hanya ka bi, ka gwada abu ɗaya: taka babbar ganga da ƙarfi, doki kirash ɗin da ke mariƙi ɗaya da ita, ka saurara ko ƙararrawar tana amsawa ita kaɗai. Girgiza tana bi ta ƙarfe ta isa gare ta, sai ta riƙa ɗan ringi a ƙasa-ƙasa duk tsawon waƙa. A dandali ba kowa zai lura ba, a ɗakin naɗa sauti kuwa makirfo zai kama. Shi ya sa ba a so a ɗaura ta a jikin babbar ganga ko a mariƙin tom. Kuma kada ta zauna dab da makirfon da ke sama: duk lokacin da tazara ta ragu da rabi, ƙara tana ƙaruwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙararrawar da aka ɗaga sama sosai sai ta fi sauran saitin gaba ɗaya fitowa.

Labulen sanduna

Wannan shi ne jerin 'yan sandunan ƙarfe da ke rataye a jikin katako, daga doguwa zuwa gajeriya, ana shafa su da yatsa su riƙa karo da juna. Wani makaɗi mai suna Mark Stevens ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1967. Ba a saita shi a kan notocin piyano, saboda haka ba ya karo da waƙa kamar ƙararrawa, damuwarsa daban ce.

Yawan sanduna shi ne tsawon shafar. Meinl na yin mai 12, mai 27, mai 33, da mai layi biyu na sanduna 66. TreeWorks na da mai 23 da mai 35. Ga saitin ganga, layi ɗaya mai sanduna 20 zuwa 35 ya wadatar. Mai layi biyu ya fi cika da ƙara, amma ya fi nauyi, ya fi cin wuri, kuma ya fi daɗewa kafin ya natsu. Sanduna cikakku na alminiyom suna ba da sauti mai haske da ke ratsa kiɗa, na tagulla sun fi ɗumi da nauyi, masu rami a ciki kamar bututu kuwa sun fi laushi. Tsawo ne ke yanke murya, sandar da aka rage tsawonta da rabi muryarta tana hawa okteb biyu, don haka labule mai gajerun sanduna zalla sautinsa siriri ne ƙwarai, mai dogaye ya fi jiki.

A wajen gwaji, ka shafa daga dogaye zuwa gajeru da bayan yatsa ɗaya, a hankali, ka saurara ko muryar tana hawa sumul. Idan akwai sandar da ta yi tsalle ko ta yi bugun katako babu amo, ka duba ƙullinta, wataƙila an matse ta har ta taɓa katakon. Igiyar ce ke fara mutuwa a wannan kaya. Wadda aka kitsa ta fi zaren roba guda ɗaya ƙarko, kuma wanda aka ɗaure kowace sanda da igiyarta ya fi wanda igiya ɗaya ta ratsa duka, domin a na biyun idan ta tsinke wuri ɗaya sanduna da yawa ne za su zube.

Babbar matsalarsa a saitin ganga ita ce ba ya yin shiru da kansa. Girgizar dandali, iskar fanka, ko gwiwar hannu da ta goge shi, duk suna tada shi a tsakiyar waƙar da ba a gayyace shi ba. Ka nemi mai sandar birki, wato ƙarfe mai rufin ulu ko roba da ake jingina wa sandunan. Idan babu, a sa masa mariƙinsa na daban a kan darduma, nesa da inda sanda ke wucewa, galibi a bayan hai-hat, wato simbal biyun da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, inda hannun hagu zai kai. Ba a dukan sa da sandar ganga. Wajen tafiya kuma a kwantar da shi a kan tawul a naɗe, don kada igiyoyi su sarƙe.

Na hannu da na intanet

Ƙararrawa mai kauri ba ta cika lalacewa ba, don haka ta hannu ciniki ne mai kyau idan an duba. Bi bakin da farce zagaye ɗaya, tsagewar da ido bai gani ba farce zai kama. Ɗaga ramin tsakiya a gaban haske ka duba ko ya zama mai tsawo ko akwai 'yan layuka da suka fito daga gare shi. Baƙi-baƙin tsufa ba aibi ba ne. A na alminiyom ka duba lotsawa a baki.

Idan ta intanet za ka saya, ka saurara da abin sa wa kunne mai kyau, sifikar waya tana ɓata irin wannan sauti. Ka tambaya ko sautin da aka naɗa na ainihin wadda za a turo maka ne, ka kuma nemi nauyinta a giram, domin biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya, wadda ta fi nauyi ita za ta fi murya sama da tsawon amo. Waɗanda aka yi da B8 sukan fi kama da juna, na B20 da aka sarrafa da hannu kuwa kowace da halinta.

Yanko ƙararrawa daga fasasshen simbal

Simbal da ya tsage a baki amma tozonsa lafiya, ana iya fitar da ƙararrawa daga cikinsa. Tozon raid mai nauyi ya fi bayar da sakamako, na kirash siriri kuwa busasshen sauti yake bayarwa mai gajeren amo. Ka zana da'ira da maka, santimita 1 zuwa 2 daga gindin tozon, ta hanyar ɗaure igiya a ƙusa a tsakiyar ramin don da'irar ta daidaita. Idan kana shakka ka bar baki mai faɗi, ana iya ragewa daga baya, kuma kowace ragewa tana ɗaga muryar. Ka tabbata tsagewar ba ta shigo cikin da'irar ba.

Ka kama simbal ɗin da kilam a kan katako, ka sa tabarau na kariya, safar hannu, abin toshe kunne da takunkumi, domin ƙurar tagulla ba abin shaƙa ba ce. Yanka da giranda mai siririn faifai, kaɗan-kaɗan, ɗan waje da layin, kana tsayawa kana zuba ruwa. Idan ƙarfen ya fara canza launi, zafi ya yi yawa, kuma zafi yana canza taurinsa ya kashe amon. B20 ta fi B8 saurin tsagewa, kada a lanƙwasa ragowar don a karya ta, a yanke har ƙarshe. Sannan ka daidaita bakin da magagari zuwa kan layin, ka bi da samfefa mai lamba 120, sai 240, sai 400, har yatsa ya zagaya bai ji kaifi ba. Duk ɗan tsini ko tsaga da aka bari a bakin, nan sabuwar tsagewa za ta fara, kuma shi zai riƙa cin sandarka.